Babi na Shida: Kundin Soyayya da Alƙalamin da Ya Bushe

Dutsin-Ma gari ne na 'yan makaranta. Tun kafin a kafa jami'ar tarayya a 2011, Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ta riga ta sabar wa mutanen garin ganin samari da 'yan mata rungume da littattafai, suna neman ɗakin haya, suna cika teburin mai shayi da gardama. Da jami'a ta zo sai abin ya ninka. A cikin irin wannan taro kuwa ba a rasa masu rubutu. Akwai mai tsara baitoci a bayan littafin darasi, akwai mai rubuta labari a waya tana sakinsa babi-babi a WhatsApp, akwai mai shirya wasan kwaikwayon da zai ɗauka da wayar abokinsa, ga kuma mai burin wata rana a ji muryarsa a rediyo. Na zauna da da yawa daga cikinsu, kuma a 'yan shekarun nan kukansu kusan ɗaya ne. Wannan ya ce kansa ya toshe. Waccan ta ce ta ɗauko labari ta kai shi tsakiya, sai ya mutu a hannunta. Wani kuma ya ce shi sha'awar abin ma ta fita daga ransa.

Wanda bai san yankin ba zai ce lalaci ne, ko kuma waya ce ta cinye musu lokaci. Ba a rasa wannan ba, amma gindin matsalar yana wani wuri. Garin yana iyaka da Safana da Ɗanmusa, kuma dajin Rugu ba shi da nisa. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. A Oktoba 2023 aka shiga gidan haya a cikin Dutsin-Ma kanta aka ɗauke ɗalibai mata biyar na jami'a. Tsakanin waɗannan manyan labarai da duniya ta ji, akwai ƙanana barkatai da ba su wuce bakin mutanen ƙauye ba. Mutumin da ke kwana yana kasa kunne ko ƙarar babura ce yake ji daga nesa, ba ya wayar gari da ƙarfin ƙirƙira. Mafi muni ma shi ne abin da tsoro ke yi wa harshe. Hira takan koma lissafi: an kashe mutum kaza, an tafi da kaza, an nemi miliyan kaza, an rage zuwa kaza. Marubuci kuwa abincinsa shi ne mutum ɗaya, da fuskarsa da tafiyarsa da irin tarin da yake yi kafin ya yi sallama. In mutane suka koma adadi a bakinsa, alƙalaminsa ba shi da abin kamawa.

Maganin da na ga ya yi aiki, a kaina da kan wasu, shi ne kundin waƙoƙin soyayya, irin waɗannan da ake kira nanaye, a zauna a saurare shi tun daga waƙar farko har ta ƙarshe. Na san yadda masu ilimi da yawa ke kallon waɗannan waƙoƙi, kuma zan zo kan hujjarsu. Amma bari in fara da yadda abin ya zo mini.

A Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Kafin nan an hana cinikin dabbobi a kasuwar garin, an hana sayar da fetur a jarka, an taƙaita hawan babur da dare. Sai a Disamba sabis ya dawo. Mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya hau mota ya yi ta tafiya har inda waya za ta kama. A cikin gari kuwa waya ta koma fitila da agogo da akwatin sauti, abin da ke cikin memorinka shi ne abokin hirarka. Nan ne masu turi suka ƙara daraja. Wanda nake zuwa wurinsa yaro ne da bai wuce sa'ar ɗana ba, yana da ɗan teburi a ƙarƙashin lema, da tsohuwar kwamfuta wadda aka ɗaure murfinta da salatif, da sifika ɗaya mai kururuwa. Na miƙa masa memori.

"Malam, karatu za a sa maka ko wa'azi?"

Na ce waƙa nake so.

"Ta Shata ko ta Ɗanƙwairo?"

Na ce a'a, irin wadda yaran nan ke ji.

Ya ɗan dube ni, sannan ya ce, "To Malam, albam zan zuba maka gaba ɗaya. Amma don Allah kada ka riƙa tsallake. Masu tsallake ba sa sanin daɗinsa."

Ya zuba mini na Nura M. Inuwa da na Umar M. Shareef, ya ƙara da waƙoƙin Hamisu Breaker. Kuɗin da na ba shi bai kai na kofin shayi da burodi ba, kuma ko sisi daga ciki ba zai isa hannun mawaƙan ba. Wannan wani ciwo ne na sana'ar waƙa a ƙasar Hausa da ya cancanci a yi masa zama na musamman.

A lokacin ina da rubutun da ya tsaya mini cak. In na buɗe shi sai in karanta shafin ƙarshe, in gyara waƙafi, in rufe. Da dare, babu saƙon da zai shigo, babu labarin da zan bi, sai na kunna kundin na bar shi yana tafiya da kansa. Jin farko bai ba ni komai ba sai daɗin sauti, da ɗan ƙyashin yadda na'ura ke murɗa murya. Da na yi ta maimaitawa sai kunnena ya wuce daɗin, ya fara ganin aikin. Mawaƙin nan magana ɗaya ce da shi tal, maganar da aka yi ta yi tun kafin a haifi kakanninsa: ina son wance. Amma dole ya faɗe ta a waƙa goma ko fiye, kuma kowace ta tsaya da ƙafarta. Don haka a irin wannan kundi sai ka ji nan yana magana da bakin wanda bai furta ba tukuna, can da bakin wanda aka ce ya turo magabatansa alhali aljihunsa wayam, gaba kuma da bakin wanda aka yi wa alkawari aka saɓa. Wata waƙar ta jira ce, wata ta kishi, wata ta ban haƙuri bayan saɓani, wata kuma ta ranar da amarya ke barin ɗakin uwarta, inda so da kuka suke haɗuwa. Marubucin da ke cewa ba shi da sabon abin faɗa, in ya saurari wannan da idon basira, zai gane cewa ba sabon jigo ya rasa ba. Wurin tsayawa ya rasa. Ya daɗe yana kallon abin daga gefe ɗaya, kuma waƙa ɗaya tilo ba za ta nuna masa haka ba, sai an jera masa su a kan jigo guda ya ga mutum yana zagaya abu ɗaya ba tare da ya gaji ba.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi, domin ba ta hanyar tunani yake shiga ba. Duk wanda ya taɓa zama a situdiyo ya ga yadda ake haifar waƙar nanaye ya san cewa sau da yawa kari ne ke riga kalma zuwa. Mawaƙi zai zo da ɗan sauti a bakinsa, yana gunguninsa, wataƙila amshi kaɗai ya samu. Mai fiyano zai saurara, ya laluɓo shi da yatsunsa, ya ɗora ganga, ya ɗora sarewa. Suna cikin juya kiɗan baitoci ke sauka, a rubuta a soke, a rage gaɓa a nan a ƙara a can, har kalma ta zauna daidai a kan bugu. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, mai doguwar gaɓa da gajera, saboda haka kalmar da ba ta dace da kari ba kunne ke fara ƙin ta kafin hankali ya san dalili. To mai rubutun zube ma yana da nasa karin, ko ya sani ko bai sani ba. Idan rubutu ya tsaya masa, ba kullum ne tunani ya ƙare ba, sau da yawa sautin jimla ne ya ɓace daga kunnensa. Manoman rani da ke bakin madatsar Zobe sun san wani abu game da injin ban-ruwa: in bututunsa ya bushe, ko ka ja igiya ya tashi, ba zai jawo ko ɗigo ba sai ka fara ɗura masa ruwa da hannunka. Ruwan da ka ɗura ba shi ne zai shayar da gonar ba, amma in babu shi na dam ɗin ba zai hau ba. Haka na ga kundin ya yi mini. Bayan wani lokaci sai na tsinci kaina ina tafiya masallaci jimloli suna jeruwa a kaina, ba su da alaƙa da soyayya ko kaɗan, amma suna da numfashi, suna san inda za su tsaya. Daga nan rubutun ya motsa.

Sai kuma maganar kunya. Mu mutane ne da ba mu saba faɗin so a fili ba. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa tana kawar da kai daga ɗanta na fari, miji zai shekara talatin da matarsa bai taɓa furta mata abin da ke ransa da baki ba, sai dai ta gani a cefane da jinya. Ina ganin kyawun wannan ɗabi'a, kuma ba na cikin masu son a watsar da ita. Sai dai tana da tsada ga marubuci, domin yakan ɗauki kunyar zaure ya shiga da ita cikin takarda, ya yi ta kewaye-kewaye, ya ɓuya a bayan "jama'a" da "al'umma" da "ya kamata". Waƙar soyayya ba ta san wannan ɓuya ba. Daga ni sai ke, daga ke sai ni. Tana tsayawa a gaban mutum ɗaya ta dube shi, ta ƙi ɗauke ido.

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini labarin da ta rubuta a kan harin da aka kai wani ƙauye da danginta suke. Hausarta tsaf, ba kuskure, amma in ka rufe ido sai ka ce labaran ƙarfe bakwai ake karanta maka: sun zo da misalin ƙarfe kaza, sun yi harbi, sun kora shanu, mutane sun watsu cikin gonaki. Ta ce ta kasa ci gaba, kuma ba ta san me ya hana ta ba. Na ce, "Ɗiyata, ajiye shi tukuna." Na ce ta nemi kundin mawaƙin da ta fi so, ta saurare shi a jere, kada ta yi tunanin labarin. Da ta dawo sai ta ce, "Malam, na ga abin. Shi ya yi minti biyar a kan mutum ɗaya bai ƙosa ba. Ni kuwa na kashe mutum ashirin a shafi ɗaya ban tsaya a kan kowa ba."

Sabon rubutun da ta kawo babu ƙarar bindiga a cikinsa ko sau ɗaya. Mace ce aka tafi da mijinta daji. Kullum in ta kwashe tuwo sai ta zuba nasa a kwanonsa, ta rufe da faifai, ta ajiye a inda ta saba ajiyewa. Da safe ta ɗumama shi ta ba almajiri. Uwar mijin tana gani, ba ta cewa komai, ita ma matar ba ta cewa komai, kuma har labarin ya ƙare ba ta ambaci sunansa ba, sai dai "shi". Ba ta ɗauki kalma ɗaya daga bakin mawaƙin ba, kuma labarinta ya fi waƙoƙinsa kunya nesa ba kusa ba. Abin da ta samo a wurinsa shi ne ƙarfin halin tsayawa a kan mutum ɗaya har sai mai karatu ya ji nauyin rashinsa. Na karanta rahotanni da yawa a kan abin da ke faruwa a yankinmu, amma wannan kwano ne ya sa na ajiye takarda na yi shiru.

Wannan hanya ba yau aka fara bin ta ba, kuma ba 'yan fim suka buɗe ta ba. Tsofaffin mawaƙan Larabawa sun saba buɗe ƙasida da zancen masoyiya da kufan gidansu, kafin su shiga abin da ya kawo su. Ka'abu ɗan Zuhairu, da ya zo Madina neman afuwa, ƙasidar da ya rera a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da rabuwa da wata Su'adu ta fara, sannan ta gangaro kan yabo, kuma a kanta aka yafa masa mayafi. Burda ta Busiri, wadda ake karantawa a zaurukanmu, da hawayen mai bege take buɗewa. A nan Katsina, Waliyi Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya yi sharhin Ishiriniya ta Alfazazi, waƙar da har gobe ake raba dare ana rera ta a watan Maulidi. Malaman nan sun san cewa zuciya ba ta buɗuwa da umarni. Sai an taɓa ta ta wajen da take da taushi, sannan a zuba mata abin da ake so ta ɗauka.

A zamaninmu kuma, duk wanda ya bi tarihin rubutun Hausa na shekaru arba'in da suka wuce zai ga so ne ya farfaɗo da shi bayan ya yi sanyi. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya. A farkon shekarun 1990 In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karaɗe ƙasar Hausa, labarin Sumayya da Muhammad, wanda masoyan cikinsa ke yi wa juna magana da baitoci. Daga Funtuwa, a jiharmu, Bilkisu Salisu Ahmed ta fito da Allura Cikin Ruwa. An zagi waɗannan littattafai, an ce na kasuwa ne, a 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano a bainar jama'a. Duk da haka su ne suka sa matan aure da 'yan mata masu yawan gaske suka riƙe karatun boko na Hausa, daga cikin masu karatun nan kuma marubuta suka fito. Lokacin da Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, ba a sha wahalar samun masu shiga ba, domin an riga an yi shuka tun da daɗewa.

Tsakanin littafi da waƙa da fim kuwa ƙofa a buɗe take, ana shiga ana fita. Aminu Ala marubucin littattafai ne kafin a san shi da waƙa, kuma ana jin hannun marubuci a tsarin baitocinsa. Fim ɗin Sangaya na 1999, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, waƙarsa ce ta ɗauke shi ta kai shi inda labarinsa kaɗai ba zai kai ba, kuma daga lokacin kiɗan fiyano ya zama sarki a finafinan Kano. Har ta kai ga sau da yawa waƙa ke riga labari: mai shirya fim ya ji waƙa ta kama shi, ya saye ta, sannan a nemi marubuci ya gina labarin da zai ɗauke ta. Ana iya sukar wannan tsari, kuma ya haifar da finafinai marasa ƙashi da yawa, amma shaida ce a fili cewa a wurinmu waƙar soyayya ta daɗe tana haifar wasu ayyukan. Muryoyin mata irin su Fati Nijar, 'yar Maraɗi, da Maryam A. Baba, sun shiga kunnen yaran da yanzu su ne ke rubutu, tun suna goye.

Ba mu kaɗai ba ne. Haruki Murakami na Japan ya rubuta littafinsa na soyayya da rashi, Norwegian Wood, wanda ya fito a 1987, yana zaune a Girka da Italiya, kaset ɗin wani kundi na mawaƙan Ingila, Beatles, yana ta juyawa a kunnensa, kuma sunan littafin ma daga wata waƙarsu ya ɗauko shi. Labarin nasa na ɗaliban Tokyo ne, babu ruwansa da Ingila. Yanayi ya ara, ya zuba nasa mutanen a ciki.

Yanzu ga hujjar masu suka, kuma ba ƙarama ba ce. Akwai waɗanda suka ƙaurace wa kayan kiɗa saboda addini, bisa fahimtar malaman da suke bi. Ba ni da abin da zan ce musu sai girmamawa, kuma ba su yi asarar abin da nake magana a kai ba, domin yana nan a Ishiriniya da Burda, yana nan a Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon Zariya da ya yi bege da murya kaɗai. Wanda ya zauna ya saurari waɗannan a jere, da nutsuwa, zai samu karin da tsayuwar zuciya a kan abin ƙauna guda. Akwai kuma masu cewa yawancin nanaye shirme ne. A nan ma da gaskiyarsu. Kalmomi kaɗan ne ke yawo daga baki zuwa baki, zuciya da ruhi da numfashi da hawaye, har sun gaji. Wasu karin daga finafinan Indiya aka kwaso su ɗungurungum. Wasu mawaƙan kuma sun gano cewa batsa na saurin yaɗuwa, sun bi ta. Amma ko a zamanin kalangu ba kowane maroƙi ne Shata ba, kuma ba a taɓa auna wata fasaha da mafi raunin masu yin ta ba. A cikin kundi mai waƙa goma sha biyu, in uku suka tsaya, sun isa. Raunanan ma suna da amfaninsu ga mai koyo: in ka ji inda baiti ya faɗi, ka tambayi kanka me ya kayar da shi, ka riga ka koma bakin aiki ba ka sani ba.

Haɗarin da na fi jin tsoro shi ne kwaikwayo. Na sha ganin yaro ya saurari Umar M. Shareef har ya koshi, ya zo da baitocin da in ka cire sunansa ba za ka bambanta su da na mai gidan ba, sai dai sun fi rauni. Wannan bai farka ba, mafarkin wani yake yi. Alamar cewa kundi ya yi maka aikin kirki ita ce ka tashi daga gare shi da abin da ba ya cikinsa. Shi ya sa nake ba da shawarar a saurara, a kashe, a bar kwana ya ratsa, sannan a ɗauki alƙalami.

Akwai kuma abin da zamani ke yi wa sauraro kansa. A 2020, lokacin kullen korona, Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye ko'ina, matan aure suna ɗaukar bidiyo suna taka rawarta a gaban mazajensu, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan dacewar hakan. Waƙar ta yi farin jini na gaske, amma dubban waɗanda suka san ta ɗan yanki kawai suka sani, wanda ya isa bidiyo. Yau a TikTok haka ake cin waƙa, daƙiƙa talatin a wuce. Mawaƙa sun lura, wasu sun koma sakin waƙa ɗai-ɗai, suna zuba duk ƙarfinsu a gaɓar da za a yanka. Ɗan yanki yana iya sa ka rawa, yana iya maƙale maka a ka har ka gaji da shi, amma ba ya ba ka lokacin da hankali ke buƙata ya kwanta, ya daina zabura, ya fara yawo da kansa. Wannan yakan faru ne can wajen waƙa ta biyar ko ta shida, lokacin da ka daina lura cewa sauraro kake yi. Watannin da muka yi babu sabis sun cutar da ciniki da zumunci da neman agaji, ba na fatan su dawo. Amma a cikinsu ne na ga samari zaune a dakali sun bar kundi yana tafiya har ƙarshensa, babu mai taɓa waya, kuma yaron nan mai turi ya fi malamai da yawa sanin abin da ake rasawa in ana tsallake.

Jiharmu ba baƙuwar waƙa ba ce. Musawa, nan kusa da mu, ita ta ba duniya Mamman Shata. Funtuwa ta ba da Barmani Choge, wadda ta faɗi maganar mata da ƙwarya a gaban kowa. Ƙahutu ta ba da Rarara. Amma manyan kundayen soyayyar da yaranmu ke ji daga Kano da Kaduna suke zuwa, kuma soyayyar cikinsu ta birni ce, mai kiran waya da tsakar dare da mota a ƙofar gida. Abin da kunnena ke jira shi ne soyayyar wannan yanki kamar yadda take a yau. Zancen da a da ake yi bayan isha'i, yanzu a ƙauyuka da yawa ya dawo tsakanin la'asar da magariba. Ana kai amarya da rana tsaka, a gaggauce, 'yan rakiya suna duban hanya. Akwai wanda ya sayar da abin da ya tara na lefe don a fanso ƙanensa, ya je ya gaya wa yarinyar da bakinsa, ta ce za ta jira. Akwai auren da aka ɗaura a zauren aro a cikin Dutsin-Ma, saboda garin ango da na amarya duk sun tashi. Akwai saurayin da, a watannin da babu sabis, yake biyan kuɗin mota ya yi tafiya mai nisa don kawai ya kira wata ya ce mata lafiya lau yake. Duk wannan so ne, kuma ya fi wanda ke cikin memorina nauyi.

Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ta Kurfi kimanin kilomita 60 ne, kuma akwai situdiyo a can. Yara suna tara kuɗi suna zuwa, wasunsu kan biyo ta wurina da baitocinsu kafin su tafi. Tambayar da nake fara yi wa kowannensu ita ce: yarinyar nan da kake wa waƙa, a wane gari take, kuma ƙarfe nawa kake baro ƙofar gidansu? Yawanci sukan yi dariya, sannan su ba ni amsa dalla-dalla, da sunan ƙauyen, da hanyar da ake bi da wadda aka daina bi, da abin da babarta ke aiko ƙanenta ya faɗa in rana ta yi ja. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a takardar da suka miƙo mini, sai in mayar musu da ita in ce su je su sa.